Motoci Masu Ɗaki a Titin Bompai

Duk wanda ya koyi wayarin mota a Kano a farkon shekarun 1980, in dai garejinsu bai yi nisa da Bompai ba, karatu biyu ya yi. Na farko na kowa ne: tasi, Fijo 504, akori-kura, da manyan motocin da ke lodin kaya zuwa kudu. Na biyun kuwa hunturu ke kawo shi. Da sanyi ya sauka, hazo ya rufe gari, sai mu fara ganin wasu motoci masu baƙin lambobi, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, jarkoki jere a kan rufi, shebur da faffaɗan ƙarafan fitar da mota daga yashi a ɗaure a gefe. Kombi mai rufin da ake ɗagawa, Land Rover da aka gina wa ɗaki a baya, Marsandi ƙirar bas, har da tsofaffin motocin soja da aka mayar gidan kwana. In ka leƙa ciki ga gado, ga murhun gas, ga firji, ga famfon ruwa, ga fitilu. Motoci masu ɗaki muke ce musu.

Turawa ne masu yawon ganin duniya, Jamusawa da mutanen Holan da Siwizalan da Ingila da Faransa. Sukan tsallako teku zuwa Aljeriya, su gangaro ta In Salah zuwa Tamanrasset, inda kwalta ke ƙarewa. Daga nan zuwa In Gezzam kimanin kilomita 400 ne na yashi da gargada, sannan Asamaka, Arlit, Agadas, Damagaram, su shigo ta Kwangwalam da Daura. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu suke ratsowa, don hamada ba ta shiguwa da bazara. A Kano sukan sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido na Titin Bompai, su wanke ƙura, su je marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, su gyara abin da hanya ta ɓata, kafin su nufi Kamaru da Zayar har Kenya. Abin da hanya ta fi ɓatawa kuwa, bayan sifirin da taya, wuta ce.

An kai ni koyon aiki ba da jimawa ba bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa aiki a garejin wani kamfanin Turawa kafin ya kafa rumfarsa, don haka yana jin Turanci daidai na ciniki. In Bafaranshe ne ya zo, akwai wani mai faci a maƙwabta, mutumin Damagaram, shi ke mana tafinta. Kayan aikinmu ba su da yawa: sifanu, filaya, dalma, samfefa, caja guda mai gurnani, ma'aunin ruwan batir na gilashi, da fitilar gwaji, wato ƙwan fitila da aka liƙa wa waya biyu. Akwai mita ɗaya mai allura, ita a aljihun teburinsa take kwana, yaro ba ya taɓa ta sai ya daɗe.

Kukan da Turawan suke zuwa da shi kusan ɗaya ne: batir ya mutu, a sayar musu da sabo. Wani ma ya riga ya sayi sabon a hanya da ɗan karen tsada, shi ma ya bi sahun tsohon. Maigida ba ya musu, ba ya kuma saurin buɗe inji. Benci yake nuna wa Bature, ya aike ni in karɓo shayi, ya shiga tambaya. Yaushe abin ya fara? Da safe take ƙin tashi ko bayan an yi tafiya? Wa ya taɓa ta, me ya taɓa? Me ake bari a kunne in an kwanta? Mu yara mun ƙagu mu kwance wani abu, shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce mana batir randa ce. In ka tarar da randa babu ruwa, ko dai mai ga-ruwa bai zo ba, ko mutanen gida na sha fiye da abin da ake zubawa, ko wani na ɗiba a ɓoye. Tsagewar randa ita ce ta ƙarshe da za ka zarga, amma ita kowa ke fara kawowa.

Abin da ya raba waɗannan motoci da tasi shi ne batir biyu gare su. Ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, shi ke riƙe fitilu da famfo da firji da rediyo. Tsakaninsu akwai rile, ɗan makunni mai aiki da kansa. Da inji ya tashi, altaneta ta fara ba da wuta, sai rile ya haɗa batiran biyu su yi caji tare. Da an kashe inji sai ya raba su, ta yadda ko an shanye na ɗaki tas cikin dare, na inji yana nan da ƙarfinsa. Ba ƙaramar hikima ba ce, domin mota mai nauyin ɗaki ba ta turuwa a cikin yashi. Rilen yana samun umarni daga wata siririyar waya da ke fitowa daga altaneta, wadda a motocin Jamus shuɗiya ce, da alamar D+ ko lamba 61. Wannan wayar ce dai ke zuwa jar fitilar caji ta gaban direba. A riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Batir kansa, in ya huta, ba ya ɓoye halinsa. Gida shida ne a cikinsa, kowanne bolt 2.1, cikakke yana nuna 12.6 zuwa 12.7. In ya nuna 12.2 rabi ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa saura ƙiris. In aka yi masa caji dare guda, aka wayi gari ya koma wajen 10.5, to gida ɗaya ya mutu, kuma babu magani. Amma sai ya huta ɗin, don wanda aka cire daga caja yanzu-yanzu yana nuna lamba mai kyau ta ƙarya. Maigida kan sa mu kunna fitilun gaba na ɗan lokaci, mu kashe, sannan a auna. Ya fi yarda da ma'aunin ruwa a kan mita, saboda shi gida-gida yake bi. Ruwan cikakken batirin Turai nauyinsa 1.28 ne, na ƙasashe masu zafi ana sassauta shi zuwa 1.23, kuma in gida ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa sosai, ka ga mai laifi. Zafin hamada na ƙafar da ruwan har farantan ciki su fito fili, gargada kuma na kaɗe su. Wasu Turawan, da suka ga ruwa ya ja baya, sai su zuba na rijiya, wasu ma a hanya aka ƙara musu asid. Duka biyun kashe batir suke. Ruwa ne kawai ke ƙafewa, asid na nan, don haka tataccen ruwa ake ƙarawa. Mu ruwan sama muke tarawa da damina a kwanon roba, bayan na farko ya wanke ƙura, mu adana a kwalabe.

In batir ya tsallake, sai a koma kan caji. A tayar da inji, a ɗan taka totur, a ɗora mita a kan batirin: 13.8 zuwa 14.4 ake so a gani. In ta haura 15, regileta ta saki, batir zai tafasa, za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai tun kafin ka iso. In ta tsaya a 12 da ɗoriya, babu caji ke nan, sai a fara da fambel, wanda hamada ke sassautawa, sannan kabon ɗin cikin altaneta da ƙura ta cinye. A Kombi mai injin 1600 fambel ɗin nan shi ke juya fankar da ke sanyaya inji, saboda haka jar fitila in ta kama ana tafiya, tsayawa ake nan take, in ba haka ba inji ne zai ƙone. Akwai wata ɗabi'a da ta cika garejoji a lokacin, har gobe ma ba ta ƙare ba, ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. A zamanin dainamo aka gaje ta. A altaneta kuwa tana iya ƙona dayod da regileta a cikin ƙiftawar ido. Yaron da ya yi haka a rumfarmu, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Motar da ta fi zama mini a rai Kombi ce ta wasu mata da miji Jamusawa. Kullum safiya batiransu biyu a mace, sai abokan tafiya sun ja su da igiya. Sun sayi sabon batir a Agadas, bai canza komai ba. Mijin ya dage ba wanda ya taɓa wayoyin. Matar ce, tana daga ƙofar mota tana wanke kofuna, ta tuna masa cewa a hanya wani ya yi musu gyara saboda batirin ɗaki ya daina caji. Maigida ya dube ni.

"Kai, shiga ka murɗa makulli, kada ka tayar. Fitila nawa ka gani?"

"Ɗaya, Maigida. Ta mai kaɗai."

"Ta caji fa?"

"Ba ta kawo ba."

Aka faɗa wa Bature, ya ce ai shi ya sa hankalinsa ke kwance, jar fitila ba ta taɓa kamawa ba tun Tamanrasset. Ashe gargada ce ta tsinke zaren ɗan ƙwan. Wannan ƙwan, da bai wuce wat 2 ba, ba gargaɗi kaɗai yake yi ba: ta cikinsa 'yar wutar farko ke bi ta shiga altaneta ta tashe ta. In ya mutu, altaneta na juyawa ne kawai, ba ta fara aiki sai an ɗure wa inji wuta sosai, wani lokaci ma ko an ɗura ba ta farawa. Altaneta ba ta tashi ba, rile bai samu umarni ba, batirin ɗaki bai ga caji ba. Mai gyaran hanya da ya ga rile ba ya motsi, sai ya ɗauko waya mai kauri ya tsallake shi, ya haɗe batiran biyu dare da rana. Ana haka gas ɗinsu ya ƙare, bakin tukunyarsu kuma bai dace da na masu sayarwa a hanya ba, suka mayar da firji kan batir.

A nan ne na fara ganin ana lissafin wuta da fensir. Maigida ya yage kwalin siga ya rubuta. Firjin irin mai aiki da gas ko wutar gida ko batir ne, ba shi da kwamfaresa, zafi yake amfani da shi ya yi sanyi, kuma a kan batir yana jan amfiya 8 ba hutawa. Batirin ɗaki an rubuta masa 70, wato amfiya 70 na awa guda, ko amfiya 7 na awa 10. Raba 70 da 8, ko awa 9 bai kai ba. Alhali batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, ka ga awa 4 da 'yan mintoci ke nan. Masu ƙera firjin ba su yi shi don ya kwana a kan batir ba, sai lokacin da inji ke aiki. Ga shi an haɗe batir biyu, ga caji rabi da rabi. Bature ya daɗe yana kallon kwalin nan, matarsa na dariya ƙasa-ƙasa. Aka sa ƙwan sulai kaɗan, aka cire wayar tsallake, rile ya ce ƙas. Sabon batirin Agadas ya farfaɗo bayan caji a hankali. Na ɗakin kuwa ya daɗe a mace, farantansa sun yi farin gishirin nan mai tauri da ba ya narkewa, shi kam dole aka canza.

Ban ga laifin mai gyaran hanya sosai ba. Mutum na gaggawa, rana na faɗuwa, babu mita, ya yi abin da fitilar ɗaki za ta kawo a daren, ta kuma kawo. Irin wannan gyaran ne dai ke tura matsala gaba ta je ta girma a wani gari.

Launin waya ma ya sha jefa mutane a rami. A motocin Jamus waya mai ruwan ƙasa ita ce ta bodi, wato negatif, ja ce mai wuta daga batir, baƙa kuma mai wuta ce in an murɗa makulli. A motocin Ingila abin a juye yake: baƙa ce ta bodi, mai ruwan ƙasa kuwa wuta ce kai tsaye daga batir, babu ko fiyus a kanta. An taɓa kawo mana Land Rover ɗin wasu 'yan Ingila da wani abokin tafiyarsu Bajamushe ya taimaka wa wajen sa famfon ruwa. Ya ga waya mai ruwan ƙasa, ya ɗaure ta a jikin mota kamar yadda ya saba a gida. Allah ya kiyaye motar ba ta kama da wuta ba, amma damin wayoyin bayan dashbod ya narke ya zama dunƙule ɗaya, muka yi ta warwara muna sakewa. Ga kuma Land Rover ta kafin 1967, wadda fozitif ne ma a jikin bodinta. Shi ya sa a wurin maigida launi ba shaida ba ne, sai abin da fitilar gwaji ta faɗa.

Tsofaffin motocin sojan nan na bolt 24 ne, batir biyu a jere, kayan ɗaki kuma na 12. Hanya mai sauƙi ita ce a ja waya daga tsakiya, a ɗora wa batir ɗaya kayan ɗaki duka, kuma kusan kowa haka yake yi. Wanda ake sha ba ya cika, ɗan'uwansa kuma caji na yi masa yawa yana tafasa, ba a jimawa a rasa su duka. Wasu motocin ba rile gare su ba, dayod ne ke raba caji, shi kuma yana cin kusan bolt 0.7, ta yadda 14 ɗin altaneta ke isa batir a 13.3. Doguwar waya siririya daga inji zuwa bayan mota ita ma haka take sata. Batirin bai taɓa mutuwa rana ɗaya ba, bai kuma taɓa ƙoshi ba. Don haka ake aunawa wuri biyu, a bakin altaneta da kan batirin ɗaki, bambancin shi ne abin da hanya ta cinye.

Sauran ƙananan abubuwa ne, kuma su ne mafi yawa. Kan batir da ya yi koren tsatsa. Fiyus ɗin tangaran na Jamus, fari na amfiya 8, ja na 16, wanda ido ke gani lafiya alhali bakinsa ya yi datti, murzawa kawai yake so. Saƙaƙƙiyar wayar da ke haɗa giyabos da shasi, wadda in ta ruɓe wutar kik ke neman hanya ta wayar kuloci ko ta totur har su yi zafi. In ana zargin wani abu na ɗibar wuta a ɓoye, a kashe komai, a cire kan negatif, a sa fitilar gwaji tsakanin kan da wayarsa. In ta kawo, a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya ana cirewa har ta mutu. Sau da yawa rediyo ne, ko fitilar cikin kabad da ƙofarta ba ta rufuwa.

Ba mu yi arziki da Turawan nan ba, don yawancinsu matasa ne masu ƙirga kwabo, wasu sun fi mu iya ciniki. Amma sukan bar abin da kuɗi ba ya saya a kasuwar Ƙofar Ruwa: littafin mota mai zanen wayoyi, rile na ajiya, filayar matse kan waya. A waɗannan littattafai na koyi bin zane da yatsa, alhali ko kalma ɗaya ta Jamusanci ban sani ba.

A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 1986, hunturu biyu suka wuce shiru. Bayan nan sun dawo, har zuwa 1990 da tawaye ya tashi a arewacin Nijar, sannan Aljeriya ta rikice daga 1992. Hanyar Tamanrasset ta mutu ga masu yawo, waɗanda suka rage suka koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya. Motocin ma sun canza. Na yanzu batirin litiyam suke ɗauka, da farantan sola a rufi, altanetarsu kuma kwamfuta ke juya ta, tana rage wuta in ta ga dama don tsimin mai, har rile irin namu ba ya wadatarwa sai an sa caja ta musamman tsakanin batiran biyu.

Sai ga shi aikin ya biyo mu gida. Yau shago da gida da masallaci kowa na da sola da inbata, kuma ƙorafin bai canza ba: batir bai shekara ba ya mutu. In na je sai in tarar da siririyar waya daga rufi, faranta sun yi ƙura, firiza a kunne har asuba. Batirin dalma na bolt 12 mai lamba 200, a takarda wat 2,400 yake riƙewa na awa guda, rabinsa ne naka, wato 1,200. Fanka biyu masu wat 70 da talabijin mai wat 60 sun tashi 200, cikin awa 6 sun cinye rabon, ba a ma sa abin da inbata ke ci ba. Kafin ka kai kuɗinka kasuwa, ɗauki biro ka rubuta abin da kake kunnawa da awoyin da yake yi, sannan a auna maka abin da ke isa kan batirin da tsakar rana. In kuwa mai gyara ya zo ya ce a canza batir bai fito da mita daga jaka ba, ba shi kuɗin mota ya koma, ka nemi wani.